Gidan Inusa Mai Aljihu Biyu

A shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, bayan an gama cirar gyaɗa, Inusa Tela ya komo Cadawa daga Abijan. Ya zo da keken ɗinki, da wata baƙar besti, kwat irin ta Turawa, mai matse hamata, da metir ɗin awo wanda ba ya sauka daga wuyansa ko zai shiga masallaci. Shekara huɗu ya yi a can, amma in ya fara ba da labari sai ka ɗauka da shi aka kafa garin. Ya ce ya ɗinka wa ministoci uku, kuma akwai wani Bature mai jirgin ruwa da ya yi hawaye ranar da ya ji zai tafi. Siriri ne, mai ɗaga haɓa. In ya dube ka ba fuskarka yake kallo ba, faɗin kafaɗarka yake lissafi.

Abu guda ya sa a gaba. An yi shela cewa ranar uku ga watan takwas mai zuwa, da ƙasa ta cika shekara guda da ƴanci, ƴan lakol, yaran makarantar boko, za su jera su taka a gaban manya, kowa sanye da kaki iri ɗaya. Wanda zai ba da aikin ɗinkin shi ne Magaji Mumuni, wakilin mai gari, mutum mai jiki da haƙuri, wanda ba a cika jin muryarsa ba. Masu ɗinki biyu ne a garin. Akwai Inusa, akwai kuma Baba Sabo, wani tsoho mai ɗinkin hannu da ke zama gindin tsamiyar bakin kasuwa, wanda shi ke yi wa Magaji manyan riguna tun kafin Inusa ya yi gemu. Duk wanda ya sami aikin nan, shi ne telan gwamnati a idon mutane, kuma Inusa ya riga ya gaya wa duk mai kunne cewa nasa ne.

Sai dai ya ga baki kaɗai ba zai isa ba. Ya zaga gari da hannuwa a baya yana duban gidaje. Gidan maƙeri, zaurensa baƙi ƙirin kuma a buɗe ta ko'ina. Gidan dillalin gyaɗa, an zana sikeli a saman ƙofa. Gidan tsohon soja, takobi biyu a gicciye. To shi da wane gida za a san shi? Ya dawo ya zaunar da matarsa Batulu, ya ce mata duk gine-ginen Cadawa ɗinkin Baba Sabo ne, burum-burum, an zuba ƙasa ba lissafi kamar yadda tsohon ke zuba yadi. Shi zai gina gida daidai da jikin masu shi, wanda in Magaji ya tsaya a gabansa zai san inda ya kamata kakin gwamnati ya kwana. Batulu ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsince wake.

Maginin da ya samu shi ne Chindo, ɗan kawunsa, gajere kakkaura, wanda wasan taubasantaka ya ba shi damar faɗa wa Inusa abin da ya ga dama. Chindo ya zo filin da sanyin safiya ya fara auna harsashi da taku, kamar yadda ubansa ya koya masa. Inusa ya tare shi, ya ce a gidansa ba a awo da ƙafa. Ya kwance metir daga wuya. Ya auna kansa a tsaye, ya auna kansa a kwance. Ya kira Batulu ya auna ta daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Ya auna jakinsa, jakin ya kai masa harbi ya kuskure. Sannan ya ɗauko toka ya zana gidan a ƙasa kamar yadda yake zana wando a kan yadi, har da ƴan alamun inda za a yanke.

Da aka zo kan ƙofar zaure, sai ya auna kafaɗarsa ya ƙara yatsa huɗu, ya ce faɗinta ke nan. Chindo ya tsuguna ya daɗe yana kallon layin tokar.

"Ɗan gwaggo, wanga ƙofa ce ko kuben wuƙa?"

Inusa ya ce awo ne, abin da ba a koya a ramin kwaɓi. Chindo ya yi masa bayani a hankali, ya ce yaɓe yana cin ƙofa, yatsa biyu ta nan, yatsa biyu ta can, kuma duk shekarar da aka sake yaɓe sai ya ƙara ci, shi ya sa magabata ke barin rara. Inusa ya ce barin rara aikin wanda bai yarda da hannunsa ba ne. Chindo ya tambaye shi ta ina shi Magajin zai shiga, tunda dominsa ake wannan wahala. Inusa ya yi murmushin wanda aka tambayi abin da ya daɗe da shirya wa amsa. Ya ce ranar nan a ƙofar mai gari ya yi kamar yana kaɗe wa Magaji ƙura, ya auna kaurinsa daga ciki zuwa baya da tafin hannu. In Magaji ya karkace ya shiga ta gefe, kamar yadda manya ke shiga mota a Abijan, zai wuce har da sauran wurin yatsa ɗaya.

Aka hau gini. Tubali na hawa, Inusa na bin sa da metir. Ranar ɗora azarar saman ƙofa, Chindo ya kawo giginya mai kyau, ya bar mata kamu guda ta kowane gefe don ta zauna cikin bango. Ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo Inusa ya aro zarto ya datse abin da ya kira zare mai reto, ya bar mata yatsa uku-uku. Chindo ya ajiye kayan aikinsa ya ce ya fasa. Sai da uwar Inusa ta aiko ta ce ya yi wa girman zumunci, sannan ya dawo, ya ɗora azarar yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Ado ne ya fi ɗaukar kwanaki. Inusa ya ce ba ya son zanko a kan zaurensa, zanko na kowa ne. Gaban gidan besti za a yi. A saman ƙofa aka ɗora wuyan besti na laka, mai kunnuwa biyu manya, duk nauyinsu a kan azarar nan. A dama da hagu aka gina aljihu biyu, bakinsu a buɗe yana kallon sama, kowanne zai ci kwaryar gero huɗu. Saura maɓallai. Batulu ta je unguwa ta dawo ta tarar ƙananan tasoshinta shida na jere, waɗanda gwaggonta ta kawo mata daga Katsina, an manna su a bango, uku bisa uku.  Ta yi tuwo ranar ba ta sa gishiri a miya ba, haka kuma washegari, har kwana shida.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Masu zuwa kasuwa daga ƙauyuka sukan karkato jakunansu su biyo ta layin. Wasu suka ce gidan ya yi kama da mushe, wato malamin lakol, in ya ci ado. Wani Bafulatani ya tsaya ya yi wa bangon sallama. Baba Sabo ma ya zo da sandarsa, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce ɗinki ya yi kyau, Allah ya sa mai rigar kada ya yi ƙiba. Inusa ya ɗauki wannan a matsayin hassada, ya kwana biyu yana jin daɗinta.

Aka yi yaɓe, aka tare. Tun ranar farko gadon Batulu ya ƙi shiga, aka jefa shi ta kan katanga, ƙafa ɗaya ta karye. Turmi ya bi ta kan katanga. Keken ɗinki sai da aka kwance shi gunduwa-gunduwa. Washegari Batulu ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta manta an auna ta ne ba tulu, sai ji aka yi tas, ruwa ya wanke ta har ƙafa. Inusa ya fito ya auna ƙofar, ya sake auna matar, ya ce awo daidai yake, tulun ne ba ya cikin lissafi. Ta sayi wani. Shi ma ya bi ɗan uwansa ranar da ta yi sauri. Daga nan ta koma durƙusawa tana sauke tulu, tana tura shi ciki, tana bin sa.

Jakin kuwa ya shiga lafiya lau, domin ranar da aka auna shi bai ɗauki komai ba. Ran da ya dawo daga daji da kaya a mangala, ya sa kai, kayan suka tokare, ya tsaya. Aka sauke, aka jefa kayan ta kan katanga, ya shiga. Bayan kwana uku jakin ya gane tsarin, yana isowa sai ya tsaya nesa da ƙofa ya jira a yi jifa. Ƙarshe duk abin da ya fi ƙwarya girma ta sama yake shiga gidan Inusa. In aka ji tim a unguwar, sai a ce an kai wa Tela saƙo.

Aljihunan ma suka sami masu haya. Kajin Laraba, maƙwabciyarsu, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, suka gano wuri ne mai kyau na ƙwai. Inusa ya kwashe na kwana biyu ya ce abin da ke aljihun mutum nasa ne. Laraba ta ce ta ji. Daga ranar, kowace hantsi, daidai lokacin da dattawa ke zaune a inuwar masallaci, sai ta zo ta tsaya a gaban gidan ta naɗe hannun riga, ta ce a shaida za ta laluba aljihun Inusa. Ta laluba dama, ta laluba hagu, ta ɗaga ƙwan sama kowa ya gani. Bai kai mako ba ya aika mata cewa ya yafe, ta riƙa ɗauka ba sai ta yi shela ba. Ta ce ai ta saba.

A cikin haka Batulu ta sami juna biyu. Wata ya bi wata, ƙofa tana nan yadda take, ita kuwa ba ta nan yadda aka auna ta. Ta faɗa wa mijinta sau ɗaya. Ya ce ta yi haƙuri, lalura ce mai wucewa, ba a ɓata ginin shekaru saboda watanni. Ranar kasuwar Gazawa da ya tafi sayen zare, ita da Laraba suka ɗauki gatari suka buɗe katangar baya, wadda ta raba gidajen biyu, suka yi hanya mai faɗi, suka jingina tsohon zana a kai. Ta nan ruwa ke shiga, ta nan itace, ta nan mata masu zuwa gaisuwa. Garin duka ya sani. Inusa kaɗai ne bai sani ba, don shi ba ya leƙa bayan gida, kullum yana gaba yana kallon bestinsa. Ya ma yaba wa Batulu, ya ce ga shi ta daina fasa tulu, awo ya fara shiga jikinta.

Damina ta sauka. Ruwan farko ya cika aljihu biyu fal, kajin suka yi ƙaura, kwaɗi suka tare. Bango ya fara jiƙa daga ƙarƙashinsu, danshi yana bin sa har gefen ƙofa. Chindo ya wuce ya taɓa wurin da yatsa, yatsan ya lotsa. Ya ce a huda ƙasan aljihunan ruwa ya riƙa zuba. Inusa ya ce telan da aka gani da hudajjen aljihu ya gama sana'a. Ya riƙa kwashe ruwan da ludayi, in ya tuna.

Saura mako uku biki, aka aiko cewa Magaji zai zo jibi da hantsi, tare da darektan lakol, su ga aikin Inusa kafin a yanke magana. Inusa ya dubi gaban gidan ya ga ruwa ya ɗan dusashe shi. Ya kira Chindo ya sake yaɓe, Chindo ya ce ba da hannunsa ba. Sai ya tuɓe besti ya kwaɓa da kansa. Ya shafa ɗaya ya ga bai yi sulɓi ba, ya ƙara na biyu, ya bi shi da makuba har bango ya yi ja yana ƙyalli, kuma bai bar cikin ƙofa ba, don nan ne idon baƙo ke fara sauka. Da ya gama ya zo shiga, kafaɗarsa ta ƙi. Ya waiga dama da hagu, ba kowa. Ya karkace ya shige.

Ranar ta zo, kuma ta faɗo ranar kasuwa. Magaji ya taho a ƙasa, a hankali, da rawani, da riga biyu, ta sama fara sol mai aska takwas, an buga ta har tana amo. Darekta na gefensa da bandir ɗin kaki a hamata. Bayansu Baba Sabo ne, wanda ya ce shi hanya ce ta biyo da shi, bayansa kuma duk wanda ba shi da abin yi, da wasu da suka bar abin yinsu. Inusa ya tarye su a waje, ya yi bayanin wuya, ya yi bayanin maɓallai, ya tsaya a gaban aljihun hagu don kada a ji kwaɗo. Sannan ya sulale ciki, ya juyo, ya shimfiɗa hannu ya ce bismilla.

Magaji ya dubi ƙofar. Babba ba ya yin maganar aiki a tsaye a kan hanya, kuma ba ya juyawa daga ƙofar da aka yi masa bismilla, sai in da gaba tsakaninsa da mai gida. Ya tattara rigarsa. Inusa ya ce ya karkace, ranka ya daɗe, kafaɗar dama gaba. Magaji ya karkace, ya sunkuyar da rawani, ya sa ƙafa ɗaya. Kafaɗa ta wuce. Ƙirji ya wuce da ƙyar. Ya ja numfashi ya matsa, ya ƙara matsawa, sai ya tsaya. Ya gwada gaba, ya gwada baya. Rabinsa na zaure, rabinsa na kan hanya, fuskarsa na kallon bango.

 Can Magaji ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, don wurin numfashi ya yi kaɗan.

"Tela, an ce mini ka auna ni."

"Na auna, ranka ya daɗe. Da hannuna."

"Yaushe?"

Inusa ya ɗan yi lissafi. "Cikin azumi, ranka ya daɗe. Wajen ashirin da biyar ga wata."

Wani a baya ya fara tari, tarin ya bazu cikin taron. Darekta ya ajiye bandir ya kama hannun hagun Magaji ya ja. Inusa ya kama na dama daga ciki shi ma ya ja, kowa wajensa, har sai da Magaji ya roƙe su su shirya tsakaninsu ko ciki za shi ko waje. Aka ce waje. Maza huɗu suka ja, Inusa ya sa kafaɗa ya tura, ba abin da ya motsa sai jan makuba da ya kwanta a farar rigar, gaba da baya. Laraba ta kawo man gyaɗa a kasko, aka tsiyaya ta gefen bango. Man ya bi aska takwas ɗin ya sauka har ƙasa, Magaji na nan inda yake.

Inusa bai rasa dabara ba. Ya ce kauri na riga ne, ba na mutum ba, in aka farke gefe ɗaya yadin zai zame. Kafin a ce a'a ya zaro almakashi, aka ji ƙyat, ƙyat, daga hamata har gwiwa. Baba Sabo, da ya ji ƙarar daga waje, ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Ya ce wata bakwai ya yi a kan rigar nan, idonsa na hagu a kanta ya tafi. Aka ja. Yadin ya zame, ya fito a hannun darekta. Magaji bai biyo shi ba.

Tunda dai mutumin na tsaye wuri ɗaya ba ya motsi, Inusa ya ga damar da ba za ta sake samuwa ba. Ya kwance metir ya zura shi ta ƙasa, ya lalubo ta sama, ya auna hannu, ya auna wuya, yana rubutawa a bango da farce. Magaji ya tambaye shi me yake yi a bayansa. Ya ce shiri ne na gaba, ranka ya daɗe.

Sai Inusa ya ji muryar Batulu a waje, tana cewa a ba Chindo hanya. Ya tsaya da metir a hannu. Da idonsa ya bar ta a tsakar gida tana dama furar baƙi. Ya ɗaga ƙafa ya leƙa ta saman kafaɗar Magaji, ya tambaye ta ta ina ta fita. Laraba ce ta amsa, ta ce ta inda take fita wata biyu ke nan, ta ƙofar baya. Inusa ya ce gidansa ba shi da ƙofar baya. Taron ya amsa masa kusan baki ɗaya cewa yana da ita.

"Akwai wata ƙofa?" in ji Magaji.

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Laraba. "Jaki ma na wucewa da kayansa."

Magaji ya rufe ido ya yi salati.

Chindo ya iso da gatari a kafaɗa, bai yi sauri ba. Ya gaida Magaji cikin ladabi, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi damina. Sannan ya ɗaga murya ya tambayi ɗan gwaggonsa santimetir nawa ya yarda a cire, don shi jahili ne, kada ya wuce awo. Inusa ya ce biyu sun isa, kuma a bi layi. Chindo ya ɗaga kai ya dubi azarar mai yatsa uku, da wuyan bestin da ke zaune a kanta, da jiƙaƙƙen bangon da ke riƙe da su duka. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya sa aka janye mata da yara. Ya zaɓi ƙarfafa shida, ya ce su riƙe Magaji da kyau, a sara na uku su ja kamar suna ciro saniya daga rijiya, kada su tsaya sai sun kai tsakiyar hanya. Ya ce wa Inusa ya koma can ƙuryar zaure. Inusa ya ce shi zai tsaya ya ga ba a ɓata layi ba. Chindo ya ce to ya tsaya, dama gwaggo tana da wasu ƴaƴan. Inusa ya koma ƙurya.

Sara na farko, yaɓe ya zubo. Na biyu, tubali ya motsa. Na uku, Magaji ya fito kamar an zare toshiya, ya tafi da mutum shida da darekta, suka zube a tsakiyar hanya. Azarar ta ɗan yi jim, kamar tana shawara, sannan ta sauka. Wuyan besti ya biyo ta. Bangon dama ya buɗe, na hagu ya tsage, aljihu biyu suka fashe a tare, ruwan mako guda ya kwararo da kwaɗinsa da ƴaƴansu, ya bi gangare ya tarar da Magaji inda yake zaune. Tasoshi shida suka gangara kowanne ta hanyarsa. Batulu ta bi su ɗaya-ɗaya ta tsince, ta goge da bakin zane, ta ƙirga, ta rungume.

Da ƙura ta lafa, sai ga Inusa a tsaye a ƙuryar zauren da ba shi da gaba, fari fat tun daga gashi har takalmi, almakashi a hannu ɗaya, metir a ɗaya, kekensa a gefe, duk kasuwar Cadawa na kallonsa.

Aka kawo wa Magaji turmin Laraba ya zauna. Aka ba shi ruwa ya sha, ya gyara rawani, ya cire wani ɗan kwaɗo daga hannun rigarsa ya ajiye shi a ƙasa a hankali. Ya dubi abin da ya rage na aska takwas, ja ta gaba, mai ta baya, gefe ɗaya babu. Ya ce a miƙa wa Sabo bandir ɗin. Darekta ya matso ya ce yara sittin ne, saura mako uku, ɗinkin hannu ba zai kai ba, kuma keke ɗaya ne a garin. Magaji ya dubi keken, ya dubi mai shi.

"Sabo zai auna, Sabo zai yanka," in ji shi. "Tela ya kai kekensa gindin tsamiya, ya taka abin da aka miƙa masa. Kada wanda ya ba shi almakashi."

Baba Sabo ya tashi, ya tako cikin ɓaraguzan da sandarsa, ya miƙa hannu. Inusa ya dubi almakashin, ya dubi jama'a, ya ba shi. Tsohon ya ce gobe bayan sallar asuba, kuma ya zo da tabarmarsa, don inuwar ta mai wuri ce.

Taro ya watse, kowa na sauri ya kai labari inda ba a ji ba. Aka bar Inusa da Chindo da Batulu a gaban gidan. Inusa ya kaɗe bestinsa, ya mai da metir wuya, ya taka zuwa guntun bangon da ya rage, inda ya yi rubutu da farce. Rubutun na nan. Ya karanta, haɓarsa ta fara komawa inda ta saba. Ya ce su faɗi abin da za su faɗa, amma daga nan har Maraɗi shi kaɗai ne telan da ya san awon Magaji Mumuni daidai, ba ƙari ba ragi.

Batulu ta gyara riƙon tasoshinta, ta taka ta kan wuyan bestin ta shiga gida a miƙe, ba ta sunkuya ba.

"Ka riƙe shi da kyau, Malam," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage maka a aikin."